Rubutun da Shugaba Pyo Ya Manta Bai Kashe Ba

Akwai wani mutum a birnin Daejeon, Pyo Dae-hwan, shugaban sashen kwamfuta a wani kamfani. Shi ke kula da na'urar da ke riƙe da sunayen ma'aikata da lambobin sirrinsu. Ya iya aiki, sai dai ya san ya iya.

Bayan hutun bikin girbi na Chuseok, na'urar ta fara jan ƙafa. Mutum ya nemi suna, sai faifan ajiya ya hau rubutu ba ji ba gani, alhali nema karatu ne kawai. Mutum ɗari bakwai kullum suna jiran kwamfuta ta buɗe.

A wurin taro Darakta ya tambaya, "Wa ya taɓa ta?"

Ido ya koma kan Gong Seon-mi, ma'aikaciyar kwantiragi. Ita ta haɗa sabuwar manhajar waya a makon, kuma sunanta kaɗai ne a littafin gyare-gyare. Ta dubi Pyo, ta sunkuyar da kai. Aka ce ta rubuta takardar ban haƙuri, irin wadda ke shiga fayil. Saura kwana goma a sabunta kwantiragi.

Washegari Pyo ya gano matsalar. Shi da hannunsa ya kunna cikakken rahoto kafin hutu, wanda ke rubuta layi ɗaruruwa a kan kowane nema. Ya yi sauri kada jirgin zuwa garin Mokpo ya bar shi, bai kashe ba. Bai kuma sa a littafi ba, don a ganinsa littafi na ƙanana ne.

Ya kashe shi shiru. Na'ura ta warke.

"Kai, tsohon hannu daban ne," in ji Darakta.

Pyo ya yi murmushin yaƙe. Kullum a wurin cin abincin rana Seon-mi na zuba masa ruwa da hannu biyu don girmamawa. Kullum yana cewa gobe zai faɗa.

A rana ta tara ya shiga ofishin Darakta ya faɗi komai.

"Ka makara, Pyo. Tun jiya sunayen waɗanda za a sabunta wa kwantiragi suka tafi hedikwata, babu nata."

Ya sami Seon-mi tana haɗa kayanta a kwali.

"Malama Gong, ni ne na..."

"Na sani, ranka ya daɗe. Tun ranar farko na ga sunanka a tarihin na'urar."

"To me ya hana ki magana?"

"A gaban Darakta zan kunyata babba? Shi ya sa na dube ka. Na ɗauka za ka faɗa da kanka."

Ta rusuna, ta ɗauki kwalinta ta fita.

Darasi: In ƙarami ya rufa maka asiri don girmanka, kada ka bar shi ya ɗauki laifinka ko na kwana ɗaya. Ku tura wa duk wanda ke da mutane a ƙarƙashinsa.