Karen da Ya Girma a Cikin Ƙoƙo

Ke Atine, sauke wannan abu daga cinyarki! Kai kuma Sadau, rufe min baki. Tun hantsi kuke cika min kunne da gardama a kan karnukan maƙwabta, kai ka ce mai kai gwiwa ya fi, ke kin ce ɗan mitsitsin nan mai kama da ɓera ya fi kyau. Kare abin runguma ne? Maza ku wanke hannuwanku ku dawo ku zauna, in faɗa muku abin da iyayenku ba su faɗa muku ba.

Dalilin da ya sa ƙananan karnukan nan ba su tashi kai ɗaya ba, wani ya kai gwiwa, wani da kyar ya wuce idon sawu, aikin wata mata ne mai suna Tabawa, da rashin jin maganarta.

A zamanin da, duk karnuka girmansu ɗaya, kowanne ya kai babbar akuya. A lokacin kare iya makwancinsa yake girma. Ɗan kwikwiyo zai tona ƙasa a gindin rumbu, ya kewaya, ya kewaya, sannan ya kwanta. Kullum ya kewaya sai ramin ya ƙara faɗi, shi kuma ya ƙara girma ya cika shi.

To, a wani gari a gindin dutse akwai maƙwabta biyu masu yin ƙuli-ƙuli, Tabawa da Kuluwa. Gyaɗar da suke nomawa ita ce cinsu, ita ce suturarsu. Da kaka sukan shanya ta a kan faffaɗan dutse a bayan gari, kuma babu abin da suke tsoro kamar gwaggon biri da jama'arsa. Da karyar Sarkin Baka Jatau ta haihu, sai suka je roƙon 'yan kwikwiyo don gadin shanya. Ya ba kowaccensu ɗaya, ya bar wa kansa wani baƙi mai suna Duna.

Ya ce, "Ku ji ni da kyau. Ku bar su su kwana a ƙasa. Kada wadda ta sa nata a cikin mazubi."

Suka ce, "Mun ji, Sarkin Baka."

Ina! Da damina ta yi ƙarfi, Kuluwa ta ga nata yana rawar ɗari, tausayi ya kama ta, ta ɗauko masaki, babbar ƙwaryar nan, ta shimfiɗa tsumma ta sa shi. Ya saba da wurin. Ya girma ya cika masaki, ya tsaya nan, iya gwiwa.

Ranar da ya biyo ta rijiya, mata suka ajiye guga suka kewaye shi.

"Kai! Kuluwa, ina kika samo wannan ɗan ƙwalisa?"

"Ai wannan loma biyu ta ishe shi. Nawa kuwa sai ya cinye rabon yara!"

Tabawa tana gefe tana ji, zuciyarta na tafasa. Ta ce, "Wannan ne ƙarami? Yaya Kuluwa, ki jira ki ga nawa."

Kuluwa ta ce, "Ni kuskure na yi, Tabawa. Kada ki mai da shi gasa."

"Kuskuren da ake yabo? Ni ma zan yi irinsa, har in fi ki!"

Nata kuwa shi ne autan karyar, bai riga ya miƙe ba. Ta koma gida ta ɗauko ƙoƙon da take auna gyaɗa, ta cusa shi ciki, ta rufe da faifai. Ya yi ta kuka yana neman wurin kewayawa, babu. Jatau ya zo wucewa ya ji kukan, ya leƙa ta kan darni.

"Tabawa, gadi kike so ko kwalliya?"

"Sarkin Baka, ka ba ni ko ka ara min?"

"Na ba ki."

"To ka bar ni da abina."

Jatau ya girgiza kai ya wuce.

Kare ya tsaya iya ƙoƙo. Tabawa ta ɗaura masa wuri a wuya, tana yawo da shi a tafin hannu, gida-gida. Gari ya ɗauka! Yara na bin ta da gudu, mata suna guɗa, aka manta da na Kuluwa sam.

Sai kaka ta yi. Gyaɗa ta yi kyau a shekarar, kowacce ta shanya tata a kan dutse, Kuluwa a gabas, Tabawa a yamma. Da rana ta take suka tafi ɗebo ruwa, kowacce ta bar karenta. Tabawa ta ajiye nata da ƙoƙonsa a tsakiyar gyaɗa, ta ce, "Ɗan lele, ka kula min."

Ko rijiya ba su kai ba, sai ga birai sun gangaro daga dutse, rututu, gwaggon biri a gaba! Suka fara nufar gabas. Karen Kuluwa ya tashi, ya ciji wannan a ƙafa, ya cafki wancan a wutsiya. Bai iya kayar da ko ɗaya ba, amma ya hana su zama. Suka ɗebi na cin hanya suka juya yamma.

Ɗan lele ya yi tsalle ya fito. Haushi kuwa, kai ka ce zaki ne! Ya yi gaba, ya yi baya, ya daka tsalle, muryarsa har cikin gari. Gwaggon biri ya tsaya yana waige-waige, yana neman inda karen yake. Da ya duba ƙasa ya gan shi, sai ya miƙa hannu ya ɗauki ƙoƙon, ya kife shi a kan Ɗan lele, ya hau kai ya zauna, ya fara ɓarar gyaɗa!

Tabawa ta hango daga nesa, ta yar da tulu, ta sheƙo tana kururuwa: "Wayyo gyaɗata! Jama'a ku kawo ɗauki! Sarkin Baka!"

Kafin Jatau ya iso da Duna, birai sun cika ciki sun cika kumatu. Duna ya yi kukan kura ya faɗa cikinsu, suka watse suka haye dutse. A wajen Kuluwa gyaɗa na nan, kaɗan aka taɓa. A wajen Tabawa sai ɓawo.

Aka ɗaga ƙoƙo, ga Ɗan lele yana karkarwa kamar mazari.

Tabawa ta durƙusa gaban Jatau. "Sarkin Baka, na tuba. Ka mayar min da shi babba."

Ya ce, "Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Naki ya riga ya bushe."

Ba ta yarda ba. Ta haƙa wa Ɗan lele rami mai faɗi a gindin rumbu. Ya shiga ya kewaya, ya kewaya, ya kwanta, ya tashi yadda yake. Haka 'ya'yansa suka fito, haka jikokinsa. Na Kuluwa ma suka gaji tsayin ubansu.

Shi ya sa har yau za ku ga ƙananan karnuka iri-iri, jikokin masaki sun kai gwiwa, jikokin ƙoƙo kuwa tafin hannu ya ishe su, ga haushi ya fi jiki, ga karkarwa ko ana zafi. Kuma har yau kowannensu sai ya kewaya kafin ya kwanta, ko girman zai dawo.

Tabawa kuwa, shekarar nan a gidan Kuluwa ta yi ta suyar ƙuli-ƙuli don ta sami na tuwo. Ba a nan ta tsaya ba. Shaho na hango Ɗan lele ya ɗauka ɗan tsako ne, muzuru na korar sa daga kwanonsa, ko kwata ba ya iya tsallakewa. Dole ta goya shi, rijiya da kasuwa, har ta tsufa. An ba ta kare ya yi mata gadi, ita ta ƙare da gadin kare.

Atine, na ga hannunki yana komawa. Mayar wa maƙwabta da abinsu, kafin ke ma ki fara goyo!