Likitan da Ya Wanke Ƙafar Surukarsa

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da likita ɗaya ke riƙe da gari guda, ana ce masa Likita Barau. Bawan Allah ne marar hayaniya. Ya duba marasa lafiya da safe, ya dawo gida ya duba 'ya'yansa uku, don matarsa Hansatu ta rasu ta bar masa su. Ta kuma bar masa mahaifiyarta, Inna Tabawa, tsohuwa makauniya wadda ba ta da kowa.

Kun san kunyar surukai ta mutanen da. Ba ya cin abinci a gabanta, ita kuma ko sunansa ba ta kamawa, sai dai "uban yara".

Ana nan sai gyambo ya kama ta a ƙwauri, ya ci ya ci har ya fara wari. Likita Barau ya durƙusa daga bakin ƙofa ya ce, "Inna, ki bari in duba. In aka bar shi, ƙafar za ta tafi, rai ma zai iya bin ta."

Ta ce, "Wa? Ni? Surukina ya riƙe min ƙafa? Gara ta ruɓe!"

To, ku saurara. Ga magani a hannu, ga mai ciwo a gida, kunya ta tsaya a tsakani. Da wani ne sai ya ce ai na yi nawa, ya kaɗe rigarsa. Shi bai yi haka ba. Ya roƙi maƙwabciyarsu Dije ta gaya wa tsohuwar an samo mai wankin ciwo, amma fa ba ya magana a bakin aiki. Kuma ba ƙarya aka yi ba.

Kullum da hantsi Dije ta yi sallama, shi ya biyo ta ba takalmi. Ya durƙusa, ya wanke, ya sa magani, ya naɗe, ya fita. Ko tari ba ya yi. Damina ta wuce, kaka ta wuce, yana yi. Tsohuwa kuwa ta samu wurin kai ƙara. Ta ce, "Kai dai Allah Ya yi maka albarka. Uban yaran nan, wai shi likita, ko leƙo ni ba ya yi!" Yana ji, yana naɗe ƙafa.

Ƙafa ta warke. Ta ƙara shekaru tana takawa, sannan ciwon ajali ya zo. Likita ya durƙusa a bakin ƙofa yadda ya saba. Ta ce, "Matso." Ta laluba ta kama hannunsa ta ce, "Tun ranar farko na gane. Makaho ba ya kasa gane takun mutanen gidansu. Ka yi shiru don kada in ji kunya, ni ma na yi ta zaginka don kada ka ji. Allah Ya biya ka, ɗana."

Ran nan Likita Barau ya yi kuka.

Jama'a, kunya ado ce, amma in za ta hana ka ceton rai ka nemi hanyar da za ka bi ta gefenta. Kuma alherin da ya cika shi ne wanda bai zubar da mutuncin wanda aka yi wa ba. Mu yau in mun kai tsoho asibiti sai unguwa duk ta ji. Kowa ya koma gida ya duba. Akwai wata ƙafa da ke jiran hannunka, kuma mai ita ba za ta roƙe ka ba.