Gonar da Manhaja Ta Manta

Akwai wani mutum a wani ƙauye, sana'arsa haɗa manhajar waya. Mutanen ƙauyen kuwa noman gayya suke yi, yau a taru a gonar wannan, jibi a ta wancan. Amma kowace damina sai an yi ta hayaniya a kan gonar da za a fara. Sai dattawan ikilisiya suka kira shi suka ce, "Kai da kwamfuta take jin maganarka, yi mana abin da zai raba mu da wannan gardama."

Mutumin bai yi garaje ba. Da fari ya bi gida-gida da ɗan littafinsa yana tambaya: gona nawa, ina take, masara ce ko dawa. Sa'an nan ya zana tsarin a takarda ya nuna wa dattawa. Duk suka gyaɗa kai, har da wanda ya riƙe takardar a juye. Daga nan ya zauna ya rubuta manhajar, mako shida cur.

Ranar gwaji, sai ta aika saƙo sau bakwai a jere, kowanne yana cewa, "Gobe gonar Fasto." Fasto ya ce shi kam bai ga aibin wannan aiki ba, a bar shi haka. Aka sha dariya. Mutumin ya koma ya gyara, ya sake gwadawa, har ta daidaita. A daminar nan ba wanda ya ɗaga murya. Saƙo ya shigo, kowa ya saɓa fartanya. Mutumin ya rufe kwamfutarsa, ya miƙe ƙafa a gindin mangwaro, ya ce wa ransa, "Na gama."

To, da rani wani magidanci ya rasu, magatakardan ikilisiya ya share lambarsa daga manhajar, kamar yadda ya dace. Abin da ba wanda ya lura da shi shi ne, mai manhajar ya ɗaure kowace gona ne a jikin lambar maigida. Da lambar ta fita, gona ta bi ta.

Damina ta sake zagayowa. Aka nome gonar kowa, wasu har an yi musu maimai, amma saƙo bai taɓa kiran gonar matar marigayin ba. Ita kaɗai take fama, ga ciwon baya, ciyawa tana neman shaƙe mata masara, abincinta na shekara ke nan.

Wata safiya mutumin yana shan kunu, sai ga gwauruwar da ƙaton dami na ciyawa a ka. Ta sauke shi tim a kan teburinsa.

Ya ce, "Mama, lafiya? Ai ba ni da akuya."

Ta ce, "Nunan fari na gonata ne, ɗana. Na ce in fara kawo wa mai injin, tun da shi ya shuka mini."

Ya jawo kwamfuta ya duba sama da ƙasa, babu gonarta.

Ya ce, "Ki gafarce ni, Mama. Yanzun nan zan gyara."

Ta ce, "Gyara abinka. Amma ciyawar nan ba ta karanta saƙo."

Sai ya ajiye kwamfutar, ya ɗauki fartanya, ya bi ƙofa-ƙofa da bakinsa yana kira. Kafin rana ta take, mutum ashirin suna sunkuye a gonarta, Fasto a gaba, ana tsokanarsa wai yau yake rama kwana bakwai ɗinsa. Masara ta tsira. Washegari mutumin ya gyara manhajar, ya sa kowace gona ta tsaya da sunanta. Tun daga nan, kowace shekara kafin ruwan fari, yakan ɗauki ɗan littafin nan ya sake bin gidaje: wa ya rasu, wa ya yi aure, wa ya canja layi.

Ma'anar wannan misali ita ce, manhajar nan ita ce rayuwarmu ta bin Ubangiji. Mun ji Maganar Allah, mun tuba, an yi mana baftisma, an gwada mu mun tsaya. Duka wannan yana da kyau, Ubangiji kuwa yana murna da shi. Amma ranar da ka miƙe ƙafa ka ce ka gama, ranar ce wani yake fara zamewa daga zuciyarka ba ka sani ba. Mutumin nan ba mugu ba ne, 'yan'uwa, daina tambaya kawai ya yi. Saboda haka in an tashi sujada yau, kada a ruga wajen tuwo. Kowa ya waiwaya ya dubi bencinsa, ya ga wurin wa ya daɗe babu kowa. In ka tuna da shi, kada ka tura saƙo. Ka tafi da ƙafarka.