Kujerar Makka Ɗaya da Karan Auduga

Ku matso ku ji irin wulaƙancin da ake yi wa mai hankali a garin nan. Ni Sallau, da ko sauro biyu suka yi faɗa ni ake nema, yau kwana shida an hana ni sakat.

Alhaji Nagoma mai gidan burodi shi ya ja mini. Da aka hana saran itace a dajin yamma, murhunsa ya yi sanyi, ma'aikata goma sha ɗaya suka zauna suna ƙirga ƙuda. Ya tara 'ya'yansa uku ya rantse: duk wanda ya tayar masa da wutar nan ba tare da an sare bishiya ba, kujerar Makka ta bana tasa ce. Ɗaya tal.

Barau, babbansu, ya tuna cewa manoman auduga kan tara kara bayan girbi su cinna masa wuta saboda tsutsa. Ya bi gona-gona yana roƙo, ana yi masa dariya, har ya tara amalanke arba'in. Aka zuba a murhu. Bal! Kafin ka ce kwabo ya cinye. Burodi ya fito waje baƙi, ciki ƙullu.

Sai ƙaninsa Mati mai walda ya samo duro, ya yi masa murfi da bututu, ya cusa karan ya toshe, wuta ta ci shi a hankali ba iska. Gawayi ya fito. Har wani baƙin ruwa ya ɗiga ta bututun, aka shafa wa azarar rufi, gara ta yi ƙaura. Amma gawayin ba nauyi, kana taɓa shi ya zama gari. Aka zuba, ya shaƙe wutar ta mutu.

Kande, autarsu, wadda ke dama sitacin rogo don wankin hula, ta leƙo ta ce, "Yaya, duk gemun nan naku, gari ya gagare ku?" Ta kwaɓa garin da sitaci, ta danna a gwangwanin madara, ta shanya kwana uku. Curi ya yi tauri kamar dutse, ya ci wuta tun hantsi har la'asar. Burodi ya dawo.

Sai rigima. Alhaji ya ce, "A kira Sallau." Da ma wa za a kira?

Barau ya zo da zabuwa, ya ce, "Kawu, ba kara, me za su ƙona?" Na ce gaskiyarka. Mati ya gyara mini keke, ya ce, "Ba duro, ai toka ce." Na ce wannan haka yake. Kande ta aiko da dambun nama. Na aika mata cewa ta fara ɗinkin jakar tafiya.

Yanzu wai ni ne mai baki uku! Ni da na nuna cewa in an ba alƙali kujerar an huta, Alhaji ya ce in bar wasa.

Ranar Juma'a yake son amsa, zabuwa kuwa ta riga ta wuce. To ku da kuka baza kunne kuna dariya, ku fitar da ni: tsakanin mai kara, mai duro da mai sitaci, wa zai hau jirgi?