Mutumin da Ya Ce "Na Gwada"

An yi wani mutum a nan cikin Katsina, wajen Ƙofar 'Yandaka. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana raye, kuma yana da iyali. Sana'arsa gyaran kwamfuta, shagonsa na Ƙofar Kaura. Ya iya aikinsa. Ba ya shaye-shaye, ba a taɓa kama shi da kayan wani ba, sallar jam'i ba ta wuce shi. Na faɗi haka tun farko don kada wata ta ce ai labarin miyagu ne, bai shafi gidanta ba.

Mahaifiyarsa, Malama Hure, ta shekara arba'in tana karantar da mata a unguwar Gobarau. Tana da waƙoƙin wa'azi da ta tsara da kanta, ba ta rubuta ko ɗaya ba, a ka take riƙe da su. Ɗalibanta ne suka riƙa ɗaukar karatun da waƙoƙin a kaset. Da Allah ya yi mata rasuwa, ƙanwarta, Inna Asabe, ta bi gida-gida ta tattaro kaset tamanin da uku, ta kawo masa a buhu. Ta ce, "Ga muryar uwarka nan. Amana ce ta mata da yawa. Ka sa ta inda ba ta lalacewa."

Wata biyar ya yi yana juye su, ya zuba a wata na'urar ajiya da ke falonsa. 'Yar akwati ce da wayoyin gidan duka ke iya shiga su saurari abin da ke ciki. A cikinta akwai faifan ajiya guda biyu, waɗanda masu sana'ar ke kira had dis. Duk abin da aka sa a ɗaya, na'urar tana kwafa shi a ɗayan, don idan wannan ya mutu wancan na riƙe.

Da na'urar ta cika, sai ya sayo sabbin faifai biyu manya, dal a leda.

To, ya 'yan uwa, sabon faifai yana da ƙa'ida, kuma mutumin nan ya fi kowa saninta, don shi ke koya wa masu zuwa shagonsa. Ba a buɗe leda a zuba masa kaya. Sai an haɗa shi da kwamfuta, a cika shi da bayanan gwaji daga farko har ƙarshe, a dawo a karanto, a ga ko abin da aka zuba shi ya fito. Aikin yakan ci kwana biyu ko uku ba tsayawa. Dalili kuwa, faifan da ya sha jijjiga a mota, ko kwalinsa ya faɗi a hanya, ba ya nunawa a fuska. Sai an wahalar da shi yake fallasa kansa.

Ya fara gwajin. Awa biyar da farawa aka ɗauke wuta, batirin gidan ya ƙare, aikin ya tsaya. Sai dai a koma farko. Ga shi ranar Juma'a dangi za su taru a gidansa a saurari muryar Malama karo na farko, kuma ya riga ya cika baki.

Matarsa Nafisa ta ce, "Baban Khadija, ka bari a sake mana. Su ji daga tsofaffin faifan, ai suna aiki."

Ya ce, "Ke dai! Kaya sabo fil a leda? Shekara nawa ina wannan aiki? Mun dogara ga Allah."

Ya juye komai a sabbin. Tsofaffin kuma ya goge su tas, ya sa a kwamfutocin mutane a shago.

Ranar Juma'a bayan la'asar falo ya cika da mata. Muryar Malama ta fito garau, tsofaffi suna share hawaye da bakin mayafi. Da aka watse, Inna Asabe ta tsaya. Ta nuna na'urar da sandarta.

"Yanzu duk Yaya Hure na cikin abin ga?"

"Tana ciki, Inna. A faifai biyu ma."

"Faifai? Na rufe ƙwarya ko na shiƙa?"

Ya yi dariya. "Na ƙarfe ne, Inna. Sabbi."

"Sabbi ne ke ban tsoro. Ni ko randa na saya sai na ƙwanƙwasa na ji kukanta, in cika ta da ruwa ta kwana, in duba gindinta da safe. Kai ka ƙwanƙwasa naka?"

"Na gwada."

"Ka gwada dai, ɗan nan?"

"Wallahi na gwada, Inna."

Nafisa tana tsaye da tire a hannu. Ta dube shi, ya ɗauke kai. Ta yi shiru ta wuce.

Me ya sa Inna ta nace? Ɗakinta ne za a rushe a gyara kafin damina, buhun kaset ɗin da ya mayar mata kuma ba shi da wurin zama. Gara ta fara taɓa shi, zaren wasu ya manne. Kun san kuma abin da ke ɗauke da ayoyin Allah ba a jefa shi a bola, ba a barinsa inda yara da awaki za su taka. Da ta ji rantsuwarsa, ta shawarci sauran ɗaliban, suka yarda. Suka haƙa rami a bayan gida, a wuri mai tsarki, suka ƙona kaset ɗin, suka binne tokar. Girmamawa suka yi. A kan maganarsa suka yi.

Mako bakwai komai lafiya. Har ya manta.

Wata safiya na'urar ta fara ƙara, fitilarta ta koma ja. Faifai ɗaya ya mutu. Bai damu ba, ya ce ai don irin wannan ranar aka yi biyu. Ya kawo wani ya sa, na'urar ta fara kwafowa daga wanda ya rage. Wannan ne karo na farko da aka karanta faifan nan daga farko har ƙarshe, wato gwajin da ya ƙi yi tun faifan na fanko, yanzu ya zo da kansa alhali amanar mutane na ciki. Bai kai rabi ba ya fara ƙas-ƙas, ya tsaya. Faifan biyu kwali ɗaya suka fito, mota ɗaya ta kawo su, ciwo ɗaya ke jikinsu.

Ya kwana uku yana fama. Ya ɗauka ya kai Kano wurin waɗanda suka fi shi. Suka ce masa cikin ya karce, sai haƙuri.

Ana saura kwana goma azumi, matan suka zo a tura musu karatun a wayoyinsu. Ya fito ya durƙusa a gaban Inna Asabe ya faɗi gaskiya. Ba wadda ta zage shi. Inna ta ce, "Da ka ce mani ba ka gwada ba, da na sa buhun ƙarƙashin gadona. Mi zai rage ka?"



Daga nan labari ya zaga. Kowace mata ta gaya wa mijinta, kowane miji ya gaya wa abokinsa. Aka sa masa suna Na-Gwada, har 'yan acaɓa na kwatance da shi. Masu kawo gyara suka janye ɗaya bayan ɗaya, domin wa zai miƙa kayansa ga wanda ya rantse a kan muryar uwarsa? Kafin shekara ta zagayo ya rufe shagon.

Ya 'yan uwa, mu duba da kyau. Lalacewar faifai ba zunubi ba ne, ƙarfe ne, yana mutuwa. Ɗauke wuta ba laifinsa ba ne. Zunubin yana cikin kalma biyu. Ya san bai yi ba, ya ce ya yi, ya ɗora sunan Allah a kai. Sakacinsa kuma ya kira shi dogaro ga Allah. Malamanmu sun karantar da mu cewa dogaro yana zuwa ne bayan ka yi iyakar abin da ke hannunka.

Kada mu ce mu ba ruwanmu da kwamfuta. Sau nawa ake tambayarmu, "Kin taɓa ruwan wankan jaririn?" mu ce mun taɓa? "Kin duba kwanan watan maganin?" Mun duba. "Kin san gidan da yarinyar ke zuwa wasa?" Mun sani. Wani yana jin amsarmu ya saki jiki, ya sauke tasa kulawar, don ya yarda da mu. Ni ina goyo, kuma na sha kama bakina zai faɗi haka don gajiya ko don kunya. "Ban duba ba, bari in duba" ba ta taɓa kashe kowa ba.

Shiru ma yana da nasa hisabi. Nafisa ta faɗa da bakinta cewa har yau tsayuwar nan da tire a hannu na damunta. Rufa wa miji asiri alheri ne, amma ban da inda amanar wasu za ta salwanta. Ko bayan Inna ta tafi, da ta sa shi ya kira ta.

A aikace kuma: in maigida ya sayo sabon faifai don hotunan yaranku da takardun gida, ki tambaye shi kwana nawa ya yi a gwaji. Kada a goge tsohon sai sabon ya daɗe yana aiki. A ajiye kwafi guda a wani gida daban.

Yanzu duk ranar Alhamis mutumin nan yana zuwa Gobarau, ya zauna a tabarma gaban Inna Asabe, ya kunna wayarsa tana ɗaukar murya, ita kuma tana rera abin da ta iya tunawa. Cikin waƙoƙi fiye da ɗari, sun samo goma sha ɗaya. Wani lokaci takan kai tsakiyar baiti ta tsaya, ta dube shi ta ce, "Mi ke biye?" Shi ma bai sani ba.

Ya Allah ka tsare harsunanmu daga faɗin abin da hannayenmu ba su yi ba. Ka ba mu ƙarfin cewa "ban yi ba" tun ana iya gyarawa. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye 'ya'yanmu da abin da aka ba mu riƙo. Amin.