Inji Ba Kwalekwale Ba Ne

Yaya Haladu wan maigidana ne, kuma tun rasuwar mahaifinsu shi ke riƙe da gandun gidan, a wani ƙauye da ke gefen Auyo. Ba rago ba ne, wannan kam ba zan yi masa ƙarya ba. Ciwonsa ɗaya ne, ba a gaya masa magana. Kafin ka kai ƙarshen zance ya ce, "Na sani." Ko hanyar garin da bai taɓa zuwa ba ka fara kwatanta masa, "Na sani" zai ce maka. Kakanninsu masunta ne, a cikin su ya tashi, sai da kifi ya ja baya suka koma noman rani. Shi ya sa komai na duniya da kwalekwale yake auna shi.

Injin ban ruwa ɗaya gare mu a gidan. Da damina ta kama, kogi ya fara cikowa, aka ɗauko shi daga fadama kafin ruwa ya shanye ta. Ina tsakar gida ina wanke-wanke suka shigo da shi, Yaya Haladu da maigidana da Sunusi maƙwabcinmu, wanda yake ɗan taɓa gyaran inji. Ajiye shi ke da wuya sai Yaya Haladu ya jawo galan ya fara ɗura wa tankin fetur.

Sunusi ya ce, "Haladu, me kake yi haka? Ajiye shi fa za ku yi har rani. Juye man za ka yi, ka tayar da shi ya ƙone ɗan abin da ya rage har ya mutu don kansa. Fetur in ya daɗe a kafireta, inda yake bi ya shiga inji, daskarewa yake yi."

"Na sani," in ji Yaya Haladu, kuma bai fasa ɗurawa ba. "Kai ɗan tudu ne, Sunusi. Ka taɓa ganin an jingine kwalekwale a bushe? Ruwa ake bar masa a ciki, in ba haka ba katakon ya tsage. Duk abin da ya saba da jiƙa, ranar da ka bar shi ya bushe ka kashe shi."

"To ai wannan ba katako ba ne."

Maigidana ya sassauta murya ya ce, "Yaya, da dai an bi tasa, tunda aikinsa ne."

"Tasi'u, lokacin da na fara tuƙi kai ko wando ba a sa maka. Rufe min baki."

Sunusi ya yi dariya ya karkaɗe rigarsa. "Shi ke nan, sarkin ruwa. In rani ya yi sai ka ɗauko filafili ka tuƙa shi zuwa gona."

Wannan dariyar ce ta tsaya wa Yaya Haladu a rai. Ya nuna shi da yatsa ya ce ko injin nan zai koma ƙasa ba zai shiga hannunsa ba, kuma ba zai taɓa aron ko tiyo a gidansa ba. Ya tura injin lungun ɗakin ajiya, inda bango ke tsatsafo, ya rufa masa buhu. Duk daminar nan in na shiga ɗebo hatsi warin fetur ne ke tarbata.

Wajen ƙarshen damina na je ganin gida Guri. Da zan taho babana, Malam Fannami, ya kira ni ya miƙo min ƙullin tsumma. Irin tattasansa ne, mai kaurin nama, wanda ya yi shekaru yana zaɓa da hannunsa, har mutane kan zo daga wasu garuruwa neman sa. Ya ce, "Bara'atu, nawa ambaliya ta cinye, wannan kaɗai ya rage. Ku da kuke da inji ku raya shi, in ya yi ku kawo min iri."

A bayan ɗakina na yafa shi. Safe da yamma ina jan guga ina ba shi ruwa, ga ciki ya fara yi min nauyi. Na kewaye shi da ƙaya saboda awaki, na rufa masa tsohon gidan sauro saboda kaji. Ya fito kore shar, ko ganye ɗaya bai ƙone ba. Duk macen da ta shigo gidan sai ta leƙa ta yaba.

Da lokacin dashe ya yi, maigidana ya ce a fara tayar da injin a gida a ji lafiyarsa. Yaya Haladu ya ce injinsa ba ɗan makaranta ba ne da za a yi masa jarrabawa. Da sassafe ya sa aka tuge irin nan gaba ɗaya, ko tsiro ɗaya ba a bar min ba, aka loda a kwando aka ɗaura bayan babur.

Ni ban je fadama ba. Amma da yamma na ga tafin hannun maigidana duk ya ɗaye saboda jan igiyar inji, kuma shi ya ba ni labari. Sun dasa irin a busassun kwamaye, 'yan filayen da ake sakar wa ruwa, wai ruwa na biye da su. Aka haɗa tiyo, aka ja igiya, inji ya yi tari ɗaya ya yi shiru. Aka ja, aka ja, aka goge fulogi, aka sake ja. Rijiyar gonar kuwa irin ta bututu ce, guga ba ya shiga, kogi kuma ya ja da baya nesa. Ruwa yana ƙarƙashin ƙafarsu, rana tana dafa tattasan a gabansu.

Gonar Sunusi tana kallon tamu, injinsa yana ta zuba ruwa. Har ya ɗaga murya ya ce, "Haladu, in kawo muku nawa ne?" Yaya Haladu ya juya masa baya. Maigidana ya taka zai tafi, Yaya Haladu ya ce masa in ya ƙetare kunyar nan ba shi ba shi. Shi kuma ya tsaya. Wannan tsayuwar har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, don girmama na gaba bai kai a tsaya ana kallon amanar mutum tana mutuwa ba.

Washegari Yaya Haladu ya ɗaure injin ya tafi Haɗeja. Can ya tarar da layi wajen bakanike, don kowa lokacin yake tayar da nasa. Da yammacin ranar maigidana ya kasa daurewa, ya je ya aro na Sunusi. Ruwan ya shiga kwamaye ya tarar da tattasai ya kwanta, ya yi baƙi kamar zare. Babu wanda ya tashi.

Da aka zo kan injinmu, bakanike ya kwance kafireta. Man ya koma wani kore-kore mai danƙo kamar ƙaro, ya toshe 'yan ramukan da fetur ke bi, cikin tanki kuma duk tsatsa. Sai sabuwa aka sa. Wanda ya ga abin da idonsa ne ya gaya wa maigidana, don shi Yaya Haladu da ya dawo cewa ya yi 'yan bumburutu ne suka sayar masa da gurɓataccen mai. Ko sannu bai ce min ba.

Ni ce na koma Guri na durƙusa gaban babana. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri." Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa haɗa ido da Yaya Haladu ba, magana kuwa daga gaisuwa ba na ƙarawa. Rannan ranar girkina, na kai musu tuwo zaure na ajiye. Yaya Haladu ya buɗe kwanon miya ya leƙa.

"Tasi'u, matar nan taka fa? Miya fara fat, ko ƙyallin tattasai babu."

Na riga na kai bakin ƙofa. Na tsaya na ce, "Yana fadama, Yaya. Inda ka shanya shi."

Kafin wani ranin maigidana ya raba gona da Yaya Haladu, aka bar masa injinsa da gonar da ba mai taya shi.

Darasin da ke cikin labarin nan shi ne, sanin abu ɗaya ba sanin komai ba ne, kuma mai cewa "na sani" kafin ya saurara ba kansa kaɗai yake cuta ba, har da waɗanda ba su da bakin yi masa musu. Duk mai inji, na ban ruwa ne ko na wuta, in zai ajiye shi ya daɗe, to ya juye man, ya bar shi ya ƙone ragowar har ya mutu, ya kwance 'yar ƙusar da ke ƙasan kafireta ta tsiyaye, ya sa shi inda ba laima. Kuma ya gwada shi tun kafin ranar buƙata. In an gaya maka gaskiya ka karɓa, ko da cikin dariya aka faɗa maka.