Tifar Da Ba A Kashewa

Yaya Labaran, ka yafe mini. Zan ba da labarinka ko wani zai tsira.

Labaran direban tifa ne, mutumin kirki, sai dai ba shi da haƙuri ko kaɗan. A shekarun da gine-gine suka cika Malali, shi yake ɗebo jar ƙasa daga wani rami mai zurfi a bayan Rafin Guza. Kik ɗin motar ya lalace, in an kashe ta sai an tura. Injin kuma yana aman baƙin hayaƙi. Bakanike ya ce a bar masa ita kwana uku.

"Kwana uku sawu nawa ne?" in ji Labaran.

Don haka sai ya shiga ramin da baya, ya bar ta a kunne har a gama lodi. Rami ba iska, hayaƙin sai ya kwanta a ciki kamar ruwa a kwano.

Baba Maliki, tsohon da ke haƙa, ya dafa shebur ya ce, "Ɗan nan, ƙasa muka zo ɗiba ko hayaƙi muka zo sha? Kashe ta, ma tura."

"Baba, kai da ko akuya ba ka iya turawa?"

Aka yi dariya. Washegari tsohon bai dawo ba, sauran ma suka zame ɗaya bayan ɗaya. Maimakon ya gyara mota, Labaran ya ɗauki shebur da kansa, ya tsaya dab da salansar motar, inda hayaƙin ke fita, don nan ne kusa da bodi. Damina biyu yana haka.

Tari ya fara. Matarsa Zuwaira ta ga kakin da yake tofarwa baƙi ne.

"Maigida, mu je asibiti."

"Bari a gama ginin da nake kai wa ƙasa."

Ginin ya ƙare, an yi masa fenti. Labaran bai gani ba, ya riga ya rasu.

Jama'a, gaggawa ba ta ƙara wa mutum rana, ragewa take yi. Abin da ka ƙi tsayawa ka gyara, shi zai kwantar da kai. Inna tana cewa jifa aka yi wa ɗanta. Ni kaɗai likita ya ja gefe ya ce hayaƙi ne ya cinye huhun. Ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau.